Mai Harbin Takarda da Maharbin Gwanki

Wata Asabar cikin hunturu, bayan la'asar, muna zaune a majalisarmu ta Gangare a Jos kowa ya ƙudundune cikin rigar sanyi, sai wani ƙanenmu ya miƙo wayarsa. Bidiyon wani Ba'amurke ne a ɗakinsa, ga ɗan sikeli, ga littafi a buɗe, yana ɗura harsashin bindigar farauta da hannunsa. Da ya gama ya fita fili, ya kafa takarda can nesa, ya ɗora bindiga a kan buhun yashi, ya yi harbi biyar, sannan ya je ya sa rula yana auna tazarar hujin. Waya ta zagaya har ta isa hannun Baba, tsohon maharbin da ya ci ƙuruciyarsa a dazukan kudancin Filato tun ana samun gwanki. Ya kalla har ƙarshe, ya mayar da wayar, ya ce, "To ita takardar me ta yi masa? Harsashi biyar, ko zabo bai kai gida ba."

Aka kwashe da dariya, har da ni. Sai dai ni malamin Fiziks ne a sakandare, tambayar Baba kuwa ta bi ni har gida. Ƙarfin harbi bai dami mutumin nan ba, yana da shi har ya yi masa yawa. So yake ya san ko harsashi na biyu zai bi sawun na farko, na biyar ya bi sawun na huɗu. Saiti, in aka tsefe shi, maimaici ne. Bindigar da ta sami gwanki a kafaɗa yau, gobe ta same shi a cinya, jibi ta sami kututture, ba ta da saiti, ko da mai ita zai shekara goma yana ba da labarin ranar farkon.

Bindigar da ake magana a kai ita ce wadda muka sani, mai baki ɗaya ko mai baki biyu, wadda ake karyawa a zura katirij. Cikin bututunta sumul yake kamar bututun ruwa. Don watsa tsaba aka ƙera ta: ɗaruruwan ƙwayoyin dalma su fita tare su baje, fakara ko zabon da ya tashi ya faɗa cikin ruwansu ko da maharbi ya ɗan kauce. Lambar nan 12 da ake gani a gindin kwanso ma da dalilinta. In aka raba fam ɗaya na dalma, wato giram 454, zuwa ƙwallaye 12 daidai wa daida, faɗin ƙwallo ɗaya shi ne faɗin bututun, kimanin milimita 18.5. Shi ya sa mai lamba 20 ta fi mai lamba 12 ƙanƙantar baki, abin da yakan rikita mutane.

Tsaba ba ta kayar da babbar dabba daga nesa, sai dai ta raunata ta. Don haka aka ce a cire tsabar a sa dunƙule guda, wanda Turawa ke kira silog. Yawanci giram 28 ne, yana fita da gudun da ya kai mita 480 a daƙiƙa. Daga nan rigimar ta fara, domin an ɗora wa bindiga aikin da ba don shi aka ƙera ta ba.

Ka jefa tsakuwa cikin gwangwanin madara ka girgiza. Haka ƙwallon dalma yake yi a bututun da ya ɗan fi shi faɗi: ya bugi nan ya bugi can, bugun ƙarshe da ya yi a bakin bututu shi ke yanke masa hanya da irin juyin da zai tafi da shi. Duk wanda ya taɓa ganin ɗan wasa ya murɗa ƙwallo ta lanƙwasa ta zagaye 'yan baya ta faɗa raga ya san abin da juyi ke yi wa abu mai tafiya cikin iska. Ɗan wasa shi ya zaɓi juyinsa. Maharbi bai san wanda aka zaɓar masa ba. In kuma dunƙulen dogo ne, sai ya tafi yana alkafura, ya isa takarda a kaikaice ya bar huji mai kama da ramin makulli.

Hanyoyi biyu aka gano na hana abin da aka harba alkafura, kuma duka biyun yaron ƙauye ya san su. Ta farko katantanwa: muddin tana juyi da ƙarfi tana nan tsaye, da juyin ya mutu ta kwanta. Dabarar raifil ke nan, wadda aka yi wa murɗaɗɗen tsagi a cikin bututu domin harsashi ya fita yana juyi a kan tsayinsa. Ta biyu kibiya: ƙarfe mai nauyi a gaba, kyauro marar nauyi a baya, iska ta riƙa jan kyauron baya, tsinin ya ci gaba da duban inda aka nufa. Bututu mai sumul ba ya iya ba da juyi, saboda haka dole masu ƙera dunƙule suka koma makarantar kibiya.

Wani maƙerin bindiga Bajamushe, Wilhelm Brenneke, shi ya fito da nasa a 1898: dunƙulen dalma da aka ɗaure wa matoshi a gindi, ba ya rabuwa da shi har inda za shi, yana yi masa aikin wutsiya. Har yau ana sayar da harsashi da sunansa. A Amurka kuma Karl Foster ya ɓullo da wani salo a 1931, mai kama da ɗan kofi a kife, kai a cike gindi a rarake, yana tafiya kamar ƙwallon badminton. Dukansu biyu za ka ga wasu layuka a karkace a jikinsu, mutane da yawa kuma sun ɗauka su ne ke juya dunƙulen kamar na raifil. Juyin da suke bayarwa bai taka kara ya karya ba. Babban aikinsu wani ne daban, kuma shi nake so mai karatu ya riƙe. Yawancin bindigogin farauta an matse bakinsu, wani matsin har ya kusa milimita ɗaya, don tsaba ta tafi a haɗe. Dunƙule sai ya ratsa wannan matsin kafin ya fita. Dalma tana da laushi, layukan sai su lotse su ba shi hanya.

Akwai waɗanda suka so cin tudu biyu. Wani Kanar na sojan Birtaniya, George Fosbery, ya yi rajistar wata dabara a 1885: bututu sumul har kusan ƙarshe, sai a yi tsagin juyi a ɗan gutsuren bakin kawai. Kamfanin Holland & Holland na Landan ya sayar da ita da sunan Paradox, mafarautan da ke zuwa Indiya da Afirka suka rungume ta, tunda bindiga ɗaya za ta yi tsuntsu da safe ta yi babbar dabba da yamma.

Amma abin da ya ciyar da harkar gaba sosai doka ce, ba maƙera ba. Jihohin Amurka irin su Ohayo da Ilinoi da Ayowa a da sun shafe shekaru suna hana farautar barewa da raifil, saboda ƙasarsu shimfiɗaɗɗiya ce, gonaki da gidaje kusa da kusa, harsashin raifil kuwa yana tafiyar kilomitoci. Dunƙule ya fi saurin faɗuwa, sai aka ce shi za a yi amfani da shi. Mafarauta da yawa suka wayi gari ba su da zaɓi, kamfanoni suka ga kasuwa. Aka fara yin bututun da aka tsaga tun daga gindi har baki, aka sa siririn harsashi cikin rigar roba. Rigar ta kama tsagin ta juya shi, da sun fita ta yar da kanta. Sunan rigar daga Faransanci yake, ana furta shi "sabo", ba namu na Hausa ba, takalmin katako yake nufi. A wajen masu harkar, bututu mai sumul da ya tara harbi biyar cikin faɗin tafin hannu a mita 50 ya yi ƙoƙari. Mai tsagi da rigar roba yakan yi hakan a mita 100. Kowanne kuma da abokin tafiyarsa. Ka sa mai rigar roba a bututu mai sumul, alkafura zai yi. Ka sa tsaba a mai tsagi, ta watse kamar zobe ta bar tsakiya fayau.

Da dunƙule ya bar baki, iska ce ke karɓarsa, kuma ba ta raga masa. Abu ne mai faɗin babban yatsa, kansa a dakushe. Kafin ya cika mita 100 gudunsa ya sauko wajen gudun sauti, mita 340 a daƙiƙa, inda iska ke hargitsewa a jikin abu mai tafiya. Yana rage gudu yana ƙara sunkuyawa, iskar gefe kuma tana samun lokacin tura shi. Wanda ya san iskar hunturun Jos a fili irin na bayan duwatsun Shere ba sai an yi masa bayani ba. Mu nan ma muna da namu lissafin daban: Jos tana sama da teku da kimanin mita 1,200, iskarmu ta fi ta Legas sauƙi da wajen kashi ɗaya cikin goma, don haka alƙaluman da aka buga a bayan kwali a wata ƙasa ba lallai su zauna daram a nan ba. Sanyi kuma yana taɓa yadda albarushi ke cin wuta.

Duk wannan laifin ƙarfe ne da iska. Saura na mai riƙe da bindiga, wanda ni a ganina ya fi yawa.

Lissafin da nake ba ɗalibaina 'yan aji biyar ya isa. Giram 28 ya tafi gaba da gudun mita 480, bindiga mai nauyin kilo 3.2 dole ta koma baya da gudun da ya haura mita 4 a daƙiƙa, kafaɗa ce kuma birkinta. Shuri ne na gaske. Bayan harbi uku ko huɗu jiki yakan koyi tsoro ba tare da mai shi ya sani ba: ido ya runtse, kafaɗa ta zabura kafin kunama ta saki. Ga shi dunƙule ya fi harsashin raifil jinkirin barin bututu, bindigar ta riga ta fara ɗagawa yana ciki. Riƙon yau in ya bambanta da na jiya, inda zai faɗa ma ya bambanta. Sai maganar ido. Bindigar tsuntsu ɗan ɗigon tagulla kawai gare ta a baki, idon maharbi shi ne ma'aunin baya. In tsakanin ido da ɗigon ya kai santimita 70, kumatu ya goce da milimita ɗaya tak, a mita 50 an kauce da santimita 7. Mai baki biyu kuwa tata ta fi yawa, domin an haɗa bututunta ne su gamu a wata tazara da tsaba. Da dunƙule, ba abin mamaki ba ne na dama ya kama gabansa na hagu ya kama nasa.

Yanzu buhun yashin Ba'amurken ya fara ma'ana. Cire kansa yake yi daga lissafi, don abin da ya rage a takarda ya zama halin bindiga da harsashi kawai. Harbi biyar ɗin ma ba almubazzaranci ba ne, kaɗan ma ya yi. Harbi uku suna iya haɗuwa wuri ɗaya don sa'a kawai. Masana ƙididdiga sun nuna cewa bindiga ɗaya, harsashi iri ɗaya, faɗin gungun harbi 10 yakan fi na harbi 3 da fiye da rabi. Wanda ya ɗauki hoton gungunsa mafi kyau ya sa a Facebook ya ɓoye sauran takardun, da shi da mai labarin gwankin ranar farko jirgi ɗaya ya kwaso su. Mai gwajin kirki abu ɗaya yake sauyawa a lokaci guda, ya rubuta rana da yanayi, ya bar bututu ya huce tsakanin harbi, tunda a daji harbin farko daga bututu mai sanyi shi ne na nama. Wasu har da na'urar auna gudu suke kafawa a gaban bindiga, domin harsashin da ya fi ɗan'uwansa gudu ba zai faɗa inda ɗan'uwan ya faɗa ba. Abin da suke tararwa kusan kullum shi ne kowace bindiga da abincinta. Biyu da suka fito daga kamfani ɗaya a shekara ɗaya, wannan ta so wani harsashi, waccan ta ƙi shi ƙememe. Ɗan bambancin faɗin bututu da na matsin baki, wanda ido ba ya gani, shi ke jawo haka.

Wannan ne ke kai wasunsu ga ɗura harsashi da kansu, inda dokar ƙasarsu ta yarda. A nan ne kuma ƙanenmu mai waya ya karanta bidiyon a baibai. Shi gwaninta ya gani da 'yanci, mutum yana haɗa abinsa yadda ya ga dama. Littafin da ke buɗe a teburin bai lura da shi ba. Kamfanonin albarushi ne ke buga irinsa bayan sun auna matsi da na'urori, kowane layi kuma ya ƙayyade komai: irin kwanso, irin ƙyastun gindinsa, irin matoshi, irin albarushi da nauyinsa, nauyin dunƙule. Ƙa'idarsu ita ce ba a musanya ko ɗaya, ko da ya yi kama. Dalilin yana cikin kaurin ƙarfe. Iyakar matsin da masana'antar Amurka ta sa wa harsashin lamba 12 na yau da kullum ita ce 11,500 a irin ma'aunin da mai faci ke sa wa tayar mota 32. Raifil irin ta manyan dabbobi tana ɗaukar wajen 60,000, don an yi mata bututu mai kauri. Na bindigar tsaba siriri ne, kuma kwanson roba ba ya nuna alamar da za a dogara da ita cewa an kusa iyaka. Sau da yawa gargaɗin farko shi ne fashewar.

Ko harsashin kamfani ma yana da tarkonsa. Ana auna tsawon kwanso ne bayan ya buɗe, shi ya sa mai milimita 76 zai shige ɗakin bindigar da aka yi wa mai 70 lafiya lau, sai an harba bakinsa ya rasa wurin buɗewa, matsi ya hau. Turawa sun ɗauki wannan al'amari da nauyi tun tuni: a Birmingham ta Ingila akwai gidan gwajin bututu tun 1813, inda ake harba kowace bindiga da harsashin da ya wuce ƙima kafin a buga mata hatimi a sayar.

Da na koma majalisa da wannan bayanin, Baba ya yi shiru, sannan ya ce, "Malam, ai ka zo inda na sani." Yana da wani yaro da yake bi shi daji shekarun baya. Gadu ya addabi gonar rogon gidansu, yaron ya ga tsaba ba ta yi masa komai, sai ya buɗe katirij ya zubar da tsabar ya cusa ƙwayar boris da ya tsinto a garejin makanike. "Da ya gaya mini, da na hana shi," in ji Baba. "Ƙarfe ba ya lotsewa." Boris ya isa matsin baki ya tsaya, hayaƙi ya nemi hanya ya samu a gefen bututu, daidai inda hannun hagu ke riƙe. Baba ya ɗaga nasa hannun ya lanƙwashe yatsu uku ya nuna mana abin da ya saura wa yaron. Ya ce wani kuma, a wani ƙauye, albarushin katirij ya juye cikin harba-ka-ruga, wadda baƙin albarushi kawai aka yi ta ta ɗauka. Wannan bai ƙarasa mana labarinsa ba.

Ko da a ce mutum yana da sikeli da littafi da haƙurin Ba'amurken, a Najeriya ƙofar a rufe take. Dokar Makamai ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku: waɗanda sai da lasisin Shugaban Ƙasa, waɗanda Sufeto Janar na 'yan sanda ke ba wa lasisi, cikinsu har da mai baki ɗaya da mai baki biyu, sai masu ɗuri ta baki irin harba-ka-ruga da ke hannun Kwamishinan 'yan sanda na jiha. Lasisin riƙe bindiga bai ba kowa damar ƙera harsashi ko haɗa shi a gida ba. Wannan aikin wuraren da gwamnati ta amince da su ne, irin masana'antar makamai ta DICON da aka kafa a Kaduna a 1964. A garin da ya ga irin rikice-rikicen da Jos ta gani tun 2001, ba na jin akwai mai buƙatar dogon bayani kan dalilin wannan tsanani.

Ita kanta dalmar ba abar wasa ba ce. Tana narkewa a zafin digiri 327, abin da murhun gawayi ke kaiwa cikin sauƙi, shi ya sa masu fasa tsohon batir ke raina ta. Ƙurarta tana shiga jini, ta fi yi wa ƙwaƙwalwar yara illa, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce babu adadin da za a kira marar lahani. Mun ga iyakar abin a Zamfara a 2010, inda ƙurar dalma daga niƙan dutsen zinariya a cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400. Ɓurɓushinta yana kuma saura a nama kewaye da inda harsashi ya bi. Saboda irin wannan ne Amurka ta hana harbin tsuntsayen ruwa da tsabar dalma tun 1991, jihar Kalifoniya kuma ta hana dalma a kowace irin farauta daga 2019, kamfanoni suka koma yin dunƙulen jan ƙarfe, wanda shi ma sai da aka sake zaman takarda da rula kafin a gane halinsa.

Abu ɗaya ya rage da bai daidaita a kaina ba. In dai bututu mai sumul haka yake da taurin kai, ga shuri, ga ɗigon tagulla, yaya Baba ya shekara talatin yana kawo nama gida bai taɓa harbin takarda ba? Na tambaye shi, "Baba, wai daga ina kuke sakin wuta?"

Bai amsa da baki ba. Ya dogara sandarsa ya miƙe, ya fara taku daga bakin benci yana ƙirgawa a hankali, ya wuce mai shayi, ya wuce shagon caji, ya tsaya dab da turken wutar lantarki na biyu. Taku talatin. Na bi bayansa na ƙiyasta, bai fi mita 22 ba. A wannan tazarar gocewar kumatun nan ta milimita ɗaya santimita 3 kawai take haifarwa, dunƙule bai fara rage gudun kirki ba, iska ba ta sami lokacin tura shi ba, kafaɗar gwanki kuwa ta fi faifai faɗi.

"Nan ne," in ji shi. "In ya wuce nan, sai in kwanta in ci gaba da jan ciki, iska tana bugun fuskata. Wani lokaci tun hantsi har azahar." Ya miƙo hannunsa ya nuna mini gwiwar hannun, fatar ta yi kanta baƙi ƙirin. Sannan ya juya ya kira ƙanen namu ya kawo masa wayar, wai yana so ya sake ganin wurin da Baturen ke auna hujin.